Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Idan aure ya mutu karo na uku, ko yaro ya sake ɗauke kuɗin cefane bayan an yi faɗa har an gaji, ko dattijo ya haura shekara 70 bai daina rowa ba, maganar da ake rufe zance da ita ɗaya ce: hali zanen dutse. Kowa ya gyaɗa kai, a watse. Amma bakin da ya faɗi haka da safe shi ne da yamma zai ja kunnen maƙwabci ya kula da ɗansa, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar nan biyu duk namu ne, kuma ba su jitu ba. In hali ba ya kankaruwa, don me muke ƙarar da ƙarfi da dukiya a kan tarbiyya? In kuwa yana tanƙwaruwa, mene ne hujjarmu ta yanke ƙauna daga mutum tun yana numfashi?

Akwai abin da ba a koya wa kowa. A 1872 Charles Darwin ya fitar da littafi sukutum a kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da ke ransu, inda ya ce fushi da tsoro da murna suna fitowa a fuska iri ɗaya a ko'ina cikin duniya. Ba sai mutum ya yarda da ra'ayinsa game da asalin halitta ba kafin ya ga cewa wannan magana ce da za a iya gwadawa, kuma an gwada. A 1967 da 1968 wani masani Ba'amurke, Paul Ekman, ya je wurin ƙabilar Fore a tsaunukan Papua New Guinea, mutanen da yawancinsu ba su taɓa kallon sinima ko mujalla ba. Ana ba su ɗan labari, misali mutumin da ɗansa ya rasu, sai a ce su nuna hoton fuskar da ta dace. Galibi sun nuna abin da Bature zai nuna. Daga nan aka yi ta maganar motsin zuciya guda 6 da kowa ke da su: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki, ko da yake mutanen Fore sun riƙa haɗa tsoro da mamaki.

Hujjar da ta fi shiga raina ta zo ne daga filin wasa. Wani masani, David Matsumoto, ya nazarci dubban hotunan 'yan kokawar judo a wasannin Atina na 2004, masu gani da makafi, har da waɗanda aka haifa da makanta. Wanda ya yi nasara ya yi murmushi har idanu, wanda aka kayar a wasan ƙarshe ya hau dandamalin karɓar lambar yabo yana yaƙe. Makahon da bai taɓa ganin fuskar mutum ba ya yi yaƙen nan daidai da mai ido. A wurin wa ya kwaikwaya?

Sai dai fuska ba ta faɗin komai. A 2014 Maria Gendron da abokan aikinta suka ba mutanen Himba na Namibiya hotunan fuskoki su kasa su yadda suka ga dama, kuma ba su kasa su gida 6 kamar Amurkawa ba. Mu ma ba ma buƙatar zuwa Namibiya don mu gane haka. A gidajenmu na gargajiya uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ce ke ɗauke shi. Baƙon da ya shigo da littafin Ekman a hannu zai rubuta cewa matar nan ba ta son ɗanta, alhali ita ce ba ta runtsawa ranar da ya kwana da zazzaɓi. Saurayin Bafulatani a filin sharo bulala na sauka a jikinsa, yana riƙe da madubi yana duba fuskarsa kada ta motsa. Zafin yana nan, jinin ma yana zuba. Abin da al'umma ta koya masa shi ne abin da zai yi da zafin.

A ganina nan ne zancen ya fi nauyi. Abin da zuciya ke ji kyauta ce da aka ba kowa, har dabba tana da rabonta: akuya na tsoro, kare na kishi, giwa na tsayawa a kan gawar 'yar'uwarta. Abin da ya keɓanta da ɗan Adam shi ne ɗan tsaikon da ke tsakanin ji da aikatawa, lokacin da jini ya hau amma hannu bai ɗagu ba tukuna. A cikin wannan ɗan tsaiko ne haƙuri yake, da kunya, da kara, da yafiya, kuma a cikinsa ne munafunci da ƙulla sharri suke, domin mai jiran ranar ramuwa shi ma ya iya danne fuska.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 kuma har yau ana karanta Ihya'u nasa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ya kwatanta cikin mutum da fatar da aka haɗa abubuwa huɗu a ciki: kare mai cizo wato fushi, alade mai haɗama wato sha'awa, shaiɗan mai zuga su, da kuma mai hikima wanda aikinsa shi ne ya riƙe linzami. Abin lura, bai ce a kashe karen ba. A wurinsa mutumin da ba ya fushi sam ba zai kare iyalinsa ba, ba zai tsaya wa gaskiya ba. Ya kuma jawo hankali cewa Alƙur'ani masu haɗiye fushi ya yaba, bai ce waɗanda ba su da shi ba. Game da tambayarmu kuwa ya fito fili: ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyawa, ya ce da haka ne da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza, kuma ta yaya za a ce mutum ba ya horuwa alhali ana horar da doki da shaho? Amma ya yarda cewa mutane sun bambanta, wani na saurin karɓa, wani sai an sha wuya.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun iso kusa da wannan ta wata hanya. A watan Satumba na 1848, a jihar Vermont ta Amurka, nakiya ta tashi da wani shugaban leburorin jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta ƙoƙon kai. Bai mutu ba, bai manta magana ba, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai zagi da gaggawa, wanda ba ya tsayawa kan shawara ɗaya. An daɗe ana kawo labarinsa don nuna cewa hali yana da mazauni a cikin nama, a gaban ƙwaƙwalwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarshen labarin: Gage ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja, aikin da ke buƙatar kiyaye lokaci da iya hulɗa da jama'a, kafin ya rasu a 1860. Ko ƙarfe da ya huda kai bai rufe ƙofar gyara ba. Daga baya Antonio Damasio, a littafinsa na 1994, ya bayyana majinyatan da irin wannan rauni ya dushe musu motsin zuciya: lissafinsu daidai, amma sun kasa yanke shawara mai kyau a kan aure ko kuɗi ko aiki. Hankalin da aka raba da zuciya bai zama alƙali nagari ba.

To gado fa? Yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Daga 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya bi sawun tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, aka rene su a gidaje daban. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun gano cewa kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin ɗabi'a da ake gani tsakanin mutane, kamar son shiga jama'a ko saurin damuwa, yana da alaƙa da gado. Duk uwar da ta haifi 'ya'ya da yawa ta riga su sani: wani tun a zanin goyo mai sanyi ne, wani kuwa wuta. Amma abin da ake gada yanayi ne. Saurin fushi ana iya gadonsa, dukan mata kuwa koyonsa ake yi.

Haƙuri ya fi kowace ɗabi'a daraja a bakin Bahaushe, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen shekarun 1960 Walter Mischel na Jami'ar Stanford ya fara wani gwaji da ya yi suna: a ajiye wa yaro ɗan shekara 4 alawa ɗaya, a ce in ya jira har a dawo za a ba shi biyu, sai a fita a bar shi. Da aka bi yaran bayan shekaru, aka ga waɗanda suka jira sun fi yin kyau a karatu, sai duniya ta ɗauka an gano ma'aunin da ke nuna makomar yaro tun yana ƙarami. A 2017 wata masaniya Bajamushiya, Bettina Lamm, ta kai gwajin ƙauyukan Nso a arewa maso yammacin Kamaru, inda aka ajiye wa yaran manoma fanke. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira minti 10 cif, wasu har barci ya ɗauke su a gaban fanken. A cikin yaran Jamus da aka yi wa gwajin iri ɗaya, kashi 28 ne kawai suka iya. Yaran Jamus sun yi ta mutsu-mutsu, suna waƙa, suna kau da kai, suna kokawa da ransu, na Nso kuwa sun zauna shiru. Babu mai cewa jinin Kamaru ya fi na Jamus haƙuri. Reno ne ya bambanta: uwar Nso tana goye da ɗanta, tana ba shi nono kafin ya kai ga kuka, kuma tun da wuri ana koya masa cewa ba duk abin da rai ke so ake bayyanawa ba.

Wani gwajin da aka yi a Jami'ar Rochester, wanda Celeste Kidd ta jagoranta aka wallafa a 2013, shi ne ya fi taɓa ni. Kafin a kawo alawar, sai a yi wa yaran alkawarin za a kawo musu sababbin kayan zane. Rabinsu aka cika musu, rabi aka dawo hannu rabbana aka ba su haƙuri. Da aka zo gwajin alawa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. Saɓa alkawari na 'yan mintoci ya isa ya rage haƙurin yaro zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Yaron bai yi wauta ba, lissafi ya yi: wanda ya yaudare ni ɗazu, me zai sa in yarda da shi yanzu? Haƙuri ɗan amana ne. Idan muka ga matashi ba ya iya jiran komai, yana son kuɗi yau yau, yana da kyau kafin mu zagi halinsa mu tambayi sau nawa uba da malami da shugaba suka ce masa gobe, goben ba ta zo ba. Wani nazari na 2018 da ya maimaita aikin Mischel da yara masu yawa ya ƙarfafa wannan, domin da aka sa yanayin gidan da yaro ya fito a lissafi, yawancin fifikon masu jira ya ragu ƙwarai.

Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, ya wallafa wata lacca a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Ya tattaro siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk wanda ya dube su da kyau zai ga babu ɗaya da mutum zai yi shi kaɗai a ɗaki, kowacce sai da wani a gabanka. Zai kuma ga cewa kowacce tana tsaye ne a kan wani abu da rai ke ja: karamci sai ga mai son dukiyarsa, gaskiya sai inda ƙarya za ta fi sauƙi. Kakanninmu ba su auna mutum da abin da yake ji ba, sun auna shi da abin da ya yi wa jama'a bayan ya ji.

Amma ba zan ɓoye ba, waɗannan kyawawan ɗabi'u suna da inda suke cutarwa idan aka juya su. Matar da ake duka ta je gida da kumburarren ido, a ce ta yi haƙuri ta koma, ba a kira mijin an tambaye shi ba. Yarinyar da aka ci zarafinta kunya ta hana ta magana, ta hana iyayenta kai ƙara. Namijin da baƙin ciki ke ci ya kasa faɗa wa kowa don kada a ce ba namiji ba ne, sai hawan jini ya faɗa a madadinsa. Haƙurin da ake nema daga mai rauni kullum, ba a taɓa nemansa daga mai ƙarfi, sunansa danniya. Kuma fushin wanda aka zalunta yana cikin abin da Gazali ya ce kada a kashe.

Biyayya ma haka. A 1961 Stanley Milgram ya gayyato mutanen gari zuwa Jami'ar Yale, ya sa su danna maɓallin da suka ɗauka yana jona wa wani mutum lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa. Babu lantarkin gaske, mai ihun ɗan wasa ne. A zagayen da ya fi shahara, mutum 26 cikin 40 sun kai har maɓallin ƙarshe na volt 450, don kawai wani mai rigar masana yana ce musu su ci gaba. An yi ta sukar gwajin daga baya, wasu sun ce da yawa sun zargi wasa ne. Duk da haka abin da aka gani yana da ban tsoro: suna gumi, suna rawar jiki, suna roƙon a tsaya, hannunsu kuma yana dannawa. Tausayin bai mutu ba, girmama na gaba ne ya rinjaye shi. Al'ummar da ke koya wa yaro cewa ba a musu da babba ya kamata ta koya masa ranar da musun ya zama wajibi.

Ko ɗan Adam nagari ne a asalinsa ko mugu, tsohuwar gardama ce. A ƙasar Sin, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Mencius ya ce duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya gabansa zai faɗi, ba don neman yabo ko lada daga iyayen ba, kuma wannan faɗuwar gaba ita ce irin da nagarta ke tsirowa daga gare shi. Xunzi da ya zo bayansa ya ce a'a, mutum karkatacce ne, horo ke miƙe shi. Musulmi kuwa ya tashi da sanin cewa ana haihuwar kowa a kan fiɗira, kuma an sanya wa rai sanin ɓarnarsa da taƙawarsa duka. Binciken zamani ya ba kowane ɓangare wani abu. A Leipzig, a 2006, Felix Warneken da Michael Tomasello sun ga jarirai 'yan wata 18 suna tasowa su miƙa wa baƙo abin da ya faɗi daga hannunsa, ba a roƙe su ba, ba a ba su komai ba. Shekara ɗaya bayan haka Katherine Kinzler ta nuna cewa jarirai 'yan wata 10 sun fi karɓar abin wasa daga hannun mai magana da harshen gidansu. Ashe tausayi da wariya tare suke tasowa. Muna zuwa duniya da hannun taimako, muna kuma zuwa da ma'aunin namu da ba namu ba, kuma yawancin jinin da aka zubar a tarihi mutanen da ke ƙaunar nasu ne suka zubar da shi.

Shi ya sa abin da ya faru a ƙauyen Nghar, cikin ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato, a watan Yunin 2018 ya wuce labarin jarunta kawai. 'Yan bindiga sun afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka gudo, yawancinsu Kiristoci. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya shigar da mutum 262 cikin masallaci da gidansa. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya yi ta roƙonsu har ya miƙa ransa a madadin nasu. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Ba na jin akwai mai jini a jika da zai ga bakin bindiga gabansa bai faɗi ba. Abin da dattijon ya yi shi ne ya faɗaɗa da'irar nasa har ta haɗiye waɗanda ranar aka ce ba nasa ba ne, kuma irin wannan ba a farat ɗaya ake samunsa ba. Shekaru ne na zama tare, gaisuwa, jana'iza da suna, da karatun da ya zauna a zuciya.

Idan ɗan tsaikon nan tsakanin ji da aikatawa mutane ne ke gina shi a cikin yaro, to me ke faruwa da yaron da ba shi da kowa? Romaniya ta ba da amsa mai ɗaci. Bayan faɗuwar shugabanta Ceausescu a 1989 aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na gwamnati, ana ba su abinci amma babu mai ɗaukarsu, babu mai amsa kukansu, har da yawa suka daina kukan. Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 a Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari a fahimta da iya shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2 su suka fi farfaɗowa.

Wannan ba labarin nesa ba ne a wurinmu. Rikicin arewa maso gabas da ta'addancin dajin arewa maso yamma sun bar yara masu ɗimbin yawa ba uwa ba uba, ga kuma ƙananan da ake turawa birane da ƙoƙon bara tun ba su iya wanke jikinsu ba. A Maiduguri wani lauya, Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007 da yara 36. Da yaƙi ya yi tsanani sai ya riƙa karɓar marayun ɓangarorin biyu, 'ya'yan waɗanda Boko Haram ta kashe da 'ya'yan mayaƙan Boko Haram ɗin kansu, aji ɗaya, tufafi iri ɗaya, abinci da magani kyauta. Mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe da ya rufe wa rabin yaran nan ƙofa tun a bakin zaure. A 2017 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Sai dai makarantar mutum ɗaya ba za ta ɗauke marayun Borno da Yobe da Zamfara da Katsina ba, kuma abin da aka gani a Bukares ya nuna cewa duk shekarar da yaro ya ƙara babu babban da ya san sunansa, gyaran yana ƙara wuya da tsada.